Abdulmumini na Ƙonni, Mai Kankare Ƙanƙarar Highbridge

Idan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a unguwar Highbridge ta birnin New York, to kafin ka ji rugugin motar da ke share titi, muryar Malam Abdulmumini za ka fara ji. Yana sallame sallar asuba yake naɗe wuya da rawani, ya ɗora hular sanyi a kan wata hular sanyin, ya zura takalmansa na roba masu nauyi kamar turmi. Matarsa Salamatou ta miƙo masa filas ɗin shayi a bakin ƙofa, ta ce ya taka a hankali, ya ce mata ita ma ta koma ta kwanta a hankali. Sai ya sauko daga bene, ya kama gangaren tudu yana baza ƙafa kamar agwagwa, yana gaishe da duk wanda ya gani da wanda bai gani ba.

Aikinsa gadin wani filin ajiye motoci ne, fakin ɗin nan da ke maƙale tsakanin dogayen gidaje biyu na jan bulo, an kewaye shi da waya. Abin da aka ɗauke shi ya yi bai wuce uku ba: ya buɗe ƙofa, ya sa ido, ya rufe ƙofa. Babu wanda ya ce masa ya taɓa motar kowa. Amma ranar da sino ta sauka, kamar yadda mutanen nan suke kiran dusar, ba ya ko leƙa ɗan ɗakin gadinsa. Shebur yake ɗauka, da makankari, da wani dogon buroshi da ya ƙara wa tsawo da sandar tsintsiya, ya tsaya a tsakiyar fili ya dubi motocin da suka zama tsibi-tsibi farare fat, ya daka tsawa cikin murna:

"Kin dawo, hajiya? Marhabin da ke! Amma wallai ba ki bin kowa bisa hanya yau. Ale, mu je!"

Daga nan sai aiki. Ya zagaya bayan mota ya haƙe bakin salansa, ya tunkuɗo abin da ke kan rufi, ya ɗaga waifa ya ɓamɓare mata ƙanƙara da yatsu, sannan ya kama gilashi da makankari, ƙurus, ƙurus, ƙurus, har sai ya ga fuskarsa a ciki. Madubi, fitilu, lamba, gindin tayoyi, babu inda yake tsallakewa. In ya gama da mota sai ya ja da baya ya daki bonet ɗinta da tafin hannu.

"Wala! Amarya ta hito!"

Masu motocin nan ba manyan mutane ba ne. Mata ne masu zuwa jinyar tsofaffi a gidajensu, da direbobin tasi, da masu rumfar sayar da huluna da safar hannu a bakin titi, da masu wanke-wanke a asibiti. Mutane ne da makarar safiya ɗaya ke iya raba su da aiki. Sai su fito a guje, suna tunanin yadda za su haƙo mota da hannu, su tarar da ita tsaf tana ƙyalli, ga wani dattijo gemunsa duk ƙanƙara yana yi musu ihu su yi sauri su shiga kada sanyi ya cinye musu kunnuwa. Ya fi shekara ashirin yana wannan.

Kada mai karatu ya ɗauka wani salihin tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ina! Malam Abdulmumini mutumin Birnin Ƙonni ne, kuma da faɗansa ya zo Amurka. A tambayi Shitu.

Shitu Bakano ne, yana da farar motar kaya doguwa, yana raba doya da manja da garin rogo a shagunan 'yan Afirka. Sabon zuwansa fakin ɗin, wata safiya ya fito a makare, kafin layi ya zo kan motarsa. Ya sa hannun riga ya goge wata 'yar kafa a gilashi, daidai wadda ido biyu za su leƙa, ya tayar da mota ya nufi ƙofa. Ya tarar da ƙofar a garƙame, Malam Abdulmumini ya tsaya a gabanta ya dogara shebur kamar mashi.

"Baba, don Allah buɗe min, na makara!"

"Ba ka hita."

"Kamar yaya ba na fita? Motata ce fa!"

"Motarka ta, gaskiya. Amma abin da ad bisa kanta ba naka ba ne, na wanda za shi biyo bayanka ne."

Shitu ya danna hon, ya fito, ya yi Turanci, ya yi Hausa, ya rantse zai kira mai filin. Dattijon bai ko dube shi ba. Ya jingina tsani a jikin motar, ya hau, ya soka shebur a ƙarƙashin abin da ke kan rufin, ya banƙara. Sai ga wani falalen ƙanƙara, faɗinsa kamar ƙyauren ɗaki, ya zamo ya daki ƙasa, tim! Har motar da ke gefe sai da ta fara kuka.

Malam Abdulmumini ya sauko, ya cire tabarau, ya matso da fuskarsa. Idonsa na hagu ya yi fari-fari, ga tabo ya ratsa gira.

"Ka ga wanga? Irin wancan ne ya yi min shi."

A nan Shitu ya ji labarin da duk tsofaffin unguwa suka sani. A shekarunsa na farko a New York, Abdulmumini tasi yake ja. Wata rana bayan an yi sino, yana kan babbar hanyar Cross Bronx, wata motar kaya na gabansa tana gudu, sai iska ta ɗago falalen ƙanƙara daga rufinta, ya yi juyi a sama ya faɗo masa a gilashi. Direban bai tsaya ba, wataƙila ma har yau bai san abin da ya bari a bayansa ba. Allah Ya yi da sauran kwana, amma idon bai koma daidai ba, likita ya ba shi shawarar ya haƙura da tuƙin haya. Da wani ne, da ya zauna yana tsine wa wancan direba har ƙarshen rayuwa. Shi kuwa, da ya samu gadin fakin, sai ya yi wa kansa alkawari: motar da duk ta kwana a hannunsa ba za ta fita ta makantar da ɗan kowa ba.

Yau Shitu ne ke fara ɗauko tsani. Yana ba da labarin yana dariya har da hawaye: "Wallahi ranar na so in kai masa duka. Yanzu kuwa ko a mafarki na ga rufin mota da sino sai na farka."

Kai ne wannan, Malam. Kai ne ka fizge butar tafasasshen ruwa daga hannun Firdaoussi, baƙuwa daga Yamai, tana dab da kwara shi a gilashin da ya daskare, ka ce mata, "Ɗiyata, shayi za ki dahwa ko gilas za ki hwasa?" Ta yi fushi na rabin yini, ta yi godiya ta shekaru. Kai ne ba ka tambayar mutum ƙasarsu kafin ka haƙo masa taya. 'Yan Dominika na unguwa ba sa jin Hausarka, kai ma ba ka jin Sifaniyancinsu, amma suna hango ka suke ɗaga hannu suna kiran "Papa Sino!"

Sai dai abin da ya sa Highbridge ba za ta manta da shi ba, a wajen waya ya faru, a bakin titi, inda aikinsa bai kai ba.

Wata shekara an yi wata dusa mai yawan gaske. Da gari ya waye rana ta fito tarwai, amma motar share titi ta riga ta tura dusar gefe, ta binne motocin da ke bakin hanya har wuya. Kowa ya fito da shebur. Cikinsu akwai Zailani, wani matashi daga Kano da ke aiki a wani sito, wanda bai daɗe da kawo iyalinsa ba. Wannan ne sanyinsu na farko tare. 'Yarsu Hussaina, wadda ko yaye ta ba a yi ba, ta kwana da zazzaɓi, suna son kai ta asibiti. Zailani ya yi abin da kowane miji mai tausayi zai yi: ya haƙe ƙofa ɗaya, ya tayar da mota, ya kunna hita, ya ce wa matarsa Halima Sa'adiya ta shiga baya da yarinyar su ji ɗumi kafin ya gama. Ta shiga, ta danna makulli kamar yadda ta saba. Shi kuma ya koma gaban mota ya duƙufa yana haƙa, ya ja hular rigarsa ta rufe masa kunnuwa.

Malam Abdulmumini ya gama da motocin fakin ke nan, ya fito bakin ƙofa yana kurɓar shayi. Sai kunnensa ya ɗauko ƙarar inji daga tsallaken titi. Ya juya da idonsa mai kyau. Ga mota tana aiki, ga mutum yana haƙa a gaba, amma bayanta a binne yake ruf har saman but. A irin wannan sanyi, duk motar da ke aiki sai ka ga farin tururi na tashi a bayanta. Wannan babu. Ko kaɗan babu. Hayaƙin da ya rasa hanyar fita kuwa cikin mota yake komawa, ba shi da launi, ba shi da wari, barci kawai yake sa mutum, barcin da ba a tashi.

Ya hango inuwar kai a kujerar baya, kan ya langaɓe a jikin gilashi.

Kofin shayin ya faɗi.

"Kai! Kai yaro! Kashe mota! Kashe ta!"

Zailani bai ji ba. Dattijon ya sunkuci shebur ya zuba a guje, abin da kullum yake hana mutane yi a kan ƙanƙara. Yana tsakiyar titi ƙafa ta kwashe shi, ya tashi sama ya dawo a kan kafaɗar dama. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar ƙashin. Bai tsaya jin ta ba. Ya yi rarrafe, ya miƙe, hannun dama na lilo kamar ba nasa ba, ya ɗauki shebur da hagu ya ƙarasa. Ya ja ƙofa, a kulle. Ya buga gilashi, matar ba ta motsa ba. Sai ya zagaya ta wajen direba, nesa da inda jaririyar take, ya ɗaga shebur ya maka wa tagar. Ba ta fashe ba. Ya sake, da kabbara. Ta tarwatse.

Zailani ya ɗago ya ga wani tsoho yana farfasa masa mota. Ya yo kansa da gudu.

"Kai! Lafiya? Me na yi maka?"

"Iyalinka! Hiddo su, suna mutuwa!"

Ya riga ya zura hannu ya murɗe makulli, inji ya mutu, ya danna abin buɗe ƙofofi. Zailani ya fizgo ƙofar baya, Halima Sa'adiya ta zubo masa a hannu kamar tsumma, yarinyar na kan cinyarta, shiru. Salatin da Zailani ya saka, har bene na biyar an ji shi.

Allah da ikonSa, Adwoa na saukowa daga bas a daidai lokacin. 'Yar Kumasi ce, ta tashi a zango cikin Hausawa, tana aikin jinya a gidan tsofaffi, ta taso daga aiki ke nan. Ta jefar da jaka ta ratsa dusa har gwiwa.

"Ei, Awurade! Ku ba shi iska! Kai, kira nayin-wan-wan su kawo motar asibiti, bar kuka! Papa, miƙo yaron!"

Malam Abdulmumini ya tuɓe babbar rigarsa da hannu ɗaya ya shimfiɗa a kan dusa. Adwoa ta kwantar da Hussaina a kai, ta kara kunne a ƙirjinta, ta buɗe mata baki ta fara hura mata numfashi. Masu shebur duk sun tsaya. Wata tsohuwa 'yar Dominika ta durƙusa tana addu'a da yarensu, Shitu na gefe yana ta maimaita sunan Allah. Dattijon kuwa ya tsuguna, ba riga sai 'yar shara, jikinsa na karkarwa, yana cewa, "Taso, ɗiyata. Taso, ki yi muna kuka. Ale, ale."

Sai yarinyar ta yi wani ɗan tari. Ta sake. Sannan ta callara kuka.

Jama'a, ba a taɓa murnar kukan yaro irin ta ranar ba! Titi ya kaure da kabbara da tafi da guɗa, wani ya jefa hularsa sama, wasu suka rungume waɗanda ba su taɓa gaisawa da su ba. Kafin motar asibiti ta iso, Halima Sa'adiya ma ta buɗe ido tana amai tana tambayar ina 'yarta. Aka kwashi uwa da 'ya. Ma'aikatan suka dubi dattijon da ke zaune a kan dusa, kafaɗa ta sauko, suka ce shi ma ya shigo. Ya ce ba ya zuwa ko'ina sai an ba shi wanda zai tsare masa ƙofar fakin. Sai da Shitu ya karɓi makullin ya rantse masa, sannan ya yarda aka ɗora shi.

Likitoci sun gaya wa Zailani cewa da an ƙara ɗan jim, da labarin ya sha bamban. Ya zo gadon Malam Abdulmumini ya durƙusa yana hawaye.

"Baba, da hannuna na sa su a ciki."

"Tashi, ɗana. Ɗumi ka so musu, ba mugunta ba. Wa ya taɓa gwada maka? Can gida wa ya san sino? Laihinmu ne mu da munka riga ku zuwa ba mu hwaɗa muku ba." Sannan ya ƙyalƙyale da dariya har kafaɗar ta sa shi ya cije baki. "Amma ka yahe min gilas ɗinka. Na so in buga a hankali."

Maganar nan da ya yi ba ta tsaya a asibiti ba. Tun daga shekarar, da zarar ganyen bishiyoyi ya fara zuba, sai ka gan shi ranar Juma'a a ƙofar masallatan Highbridge da University Heights, har Soundview yana hawa bas ya je. Ana sallamewa zai tare baƙin da suka zo a shekarar, ya ja su bakin titi, ya durƙusa a bayan motar wani ya nuna musu bakin salansa da yatsa, ya sa kowa ya duƙa ya gani da idonsa. Wasu na dariya, wasu na sauri, bai damu ba. Zailani ne ke riƙe masa buroshi yana fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa.

Kafaɗar dai ba ta yafe ba. Ya ci gaba da aiki da ita shekaru, yana kankara da hagu, yana ɓoye wa Salamatou ciwon, ita kuma tana yin kamar ba ta gani tana dafa masa ruwan gashi. A bana hannun ya ƙi ɗaguwa sama da kai, rufin mota ya gagare shi. Da ya ga haka, da kansa ya je ya ce wa mai filin a nemi wani. Ya ce mai gadin da ba ya iya kai wa rufi, zaman me yake yi?

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa walima a cikin fakin ɗin, da rana tsaka. Masu motoci suka fitar da su waje don a samu fili. Firdaoussi ta zo da dambu, Adwoa ta zo da tukunyar wake da shinkafa irin ta Kumasi, Shitu ya sauke tire-tiren tsire daga motarsa, 'yan Dominika suka kawo soyayyar ayaba da kiɗansu. Sanyi na yanka, amma babu wanda ya ji. Aka zaunar da shi a kujera, ya sha babbar riga shuɗiya a kan rigunan sanyi har ya zama kamar mutum biyu, yana ta ba da umarnin inda za a ajiye kowace tukunya.

Halima Sa'adiya ta taso riƙe da hannun Hussaina, wadda yanzu take makarantar firamare. Yarinyar na jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kowa ya sani. Ta tsaya a gabansa, ta dubi uwarta, sannan ta ce da Hausa, kalma bayan kalma:

"Kaka, na gode da ka fasa mana mota."

Wurin ya ɓarke da dariya da tafi. Malam Abdulmumini, mutumin da ba a taɓa jin bakinsa ya mutu ba, ya sunkuyar da kai. Ya ja rawani ya rufe fuska. Sai da Salamatou ta dafa shi tukuna ya ɗago, ya share ido, ya harari jama'a.

"Mi kuke kallo? Sanyi ne ka sa ido ruwa!"

Wani ya tambaye shi me zai yi yanzu. Ya ce zai je Ƙonni ya yi 'yan watanni. Zai sa a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ba a inuwa ba, a rana, ya kwanta har sai sanyin Amurka na shekara ashirin da ɗoriya ya narke ya fita daga ƙashinsa. Duk wanda ya kawo masa ruwa da ƙanƙara a ciki, sun ɓata.

To, Malam Abdulmumini, na Salamatou, mai korar sanyi da ihu, ga godiyar Highbridge. Kai ne aka raunata a hanya, ka mayar da raunin ya zama kariya ga 'ya'yan wasu. Kai ne ka ba da kafaɗarka, wata yarinya ta samu numfashi. Akwai mutane da yawa da suka bi bayan motocin da ka share a manyan hanyoyin garin nan, suka isa gida lafiya, suka ci tuwo da iyalinsu, ba su san sunanka ba kuma ba za su taɓa sani ba. A madadinsu ma muna cewa mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ba kafaɗa lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mu kuma da muka rage, dusa ba ta yi ritaya ba. Kafin ka murɗa makulli, zagaya motarka. In ka gama da taka, dubi ta maƙwabciyarka mai goyo, dubi ta tsohon da ke bene na sama. In ka ga baƙon da wannan ne sanyinsa na farko, kada ka wuce shi da sallama kawai. Tsaya, ka duƙa tare da shi ka nuna masa, ko da zai ga kamar ka cika shisshigi.

Je ka sha ranarka, Baba. Wannan sanyin, mu za mu fito.